Na Auna Bango, Ban Auna Ƙofa Ba

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan shafi. Lokacin da abin da zan ba ku labari ya faru, ni matar aure ce a unguwar Hausari a Pataskum, na wuce yarinta amma ban kama hanyar tsufa ba, Turawa kuma suna nan ba su tafi ba. Iyayena Kanawa ne, fataucin goro ya kawo mahaifina garin, ya zauna a unguwar Yerimaram har ƙasa ta rufe masa ido. Mijina dillalin shanu ne, mutum mai sanyin hali wanda bakinsa bai iya cewa a'a ba. Allah bai ba mu haihuwa ba, shi kuma bai taɓa goranta mini ba. Sana'ata alkaki da nakiya da dubulan, daga cikin gida nake yi, kuma duk bikin da aka yi a unguwar ba a ga alkakina ba, sai an yi ƙorafi. Ina da hannu, ina da baki, sannan ina da wani hali da na ɗauka ado ne a lokacin: in na furta abu a gaban mutane, ko ni kaina ba na iya sauko da kaina daga kansa.

Neman haihuwa ne ya kai ni asibiti wata rana. Ina zaune a ɗakin wata Baturiya mai duba mata, tana ta yi mini tambayoyi ta bakin tafinta, ni kuwa idona na kan wani kabad da ke bayanta. Katako ne ja mai sheƙi, sama gilashi, ƙasa murafu, kowane murfi da mariƙinsa ruwan ɗorawa, kwalabe a jere a ciki babu ƙura babu kashin ɓera. Maganin da ta ba ni ban ma tuna ko na shanye shi ba. Abin da na dawo da shi gida kabad ne a cikin kaina. Kuma ba zan ce duk son a gani ba ne, don ɗakin girkina ya ishe ni. Ginin ƙasa ne da rufin azara, ƙofarsa gajeriya siririya, sai an sunkuya ake shiga. Ɓeraye sun mayar da garin alkamata gadonsu, kyankyasai na kwana a cikin langunana, kaji kuwa da na juya baya sun hau faifai. Na ce wa maigida ina son kabad irin na asibiti, amma a madafa, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya yi dariya ya ce shi bai taɓa jin an kai kabad wurin hayaƙi ba. Na yi kwana da kwanaki ina zuba masa tuwo ba tare da hira ba, sai ga shi ya nemo kafinta.

Kafintan wani Babole ne da ya koyi aiki a ma'aikatar En'e, wato hukumar gargajiya, mutum mai fara'a, Hausarsa mace da namiji duk ɗaya ne. To, gidanmu gidan kulle ne, namiji baligi ba ya wuce zaure. Saboda haka aka ce ni zan yi awo in aika. Na kwance igiyar guga, na auna faɗin bango na ƙulla, na auna tsayinsa daga ƙasa har kusa da azara na ƙulla, na auna zurfin da nake so na ƙulla. Na auna na sake aunawa, har da hawa turmi don kada in rage ko ɗan yatsa. Maigida ya kai igiyar zaure, kafinta ya yaba, ya ce a gaya wa uwargida ta iya awo. Ni da na yi awon, da mijin da ya kai, da kafintan da ya karɓa, babu wanda ya tuna da ƙofar da abin zai bi ya shiga. Ni kullum ta cikinta nake wucewa har na daina ganinta, shi kuwa kafinta bai taɓa ganinta ba.

Sai aka zo zaɓen ƙarafuna. Maigida ya riƙa shigo mini da samfuri daga kanti a kan faifai kamar mai tallan goro: kwaɗo manya da ƙanana, sakata, ƙarafunan da murfi ke juyawa a kansu, da mariƙai. Na zaɓi kwaɗo ga kowane murfi, na zaɓi sakata mai kauri. Mariƙan ne na ce ban ga nawa ba, don duk na baƙin ƙarfe ne, ni kuwa ruwan ɗorawa nake so irin na Baturiya. Aka zaga kantuna babu. Wata maƙwabciyata Babarbariya, wadda ba ta rasa dabara ko da ba a tambaye ta ba, ta ce ai akwai maƙerin fari a bayan kasuwa, in aka ba shi tagulla zai narka ya zuba mini duk siffar da nake so. Tagullar da nake da ita ɗaya ce, wata babbar tasa da Inna, mahaifiyata, ta sa mini a kayan ɗaki, ita ma daga uwarta ta gaje ta. Na ɗauko ta na juya ta a hannu, na ce ai ba sayarwa zan yi ba, sauya mata kama kawai zan yi. Ban aika Yerimaram na tambayi Inna ba, don na san amsar da zan samu. Wajen katako ma haka na yi. Kafinta ya aiko cewa maɗaci ba zai isa gaba da baya ba, sai na ce a sa maɗacin a fuska, bayan kuwa a haɗa da katakon akwatunan kananzir, tunda bango ne kaɗai zai gan shi.

Ranar da aka kawo kabad a kan kawunan ƙarti, unguwa ta fito kallo. Ya shiga ƙofar zaure da ƙyar, a karkace. A ƙofa ta biyu, ta shiga tsakar gida, ya tsaya cak, balle a yi maganar ƙofar madafa. Ina daga ciki ina jin kafinta yana cewa, "Maigida, wannan kabad ba ta shiga, ko an yanka ta ko an yanka gida." Aka ba ni zaɓi biyu, ko a rage shi ya zama ƙanana guda biyu da za a iya ɗauka, ko a warware shi a shigo da katakon a sake haɗawa a cikin ɗakin. Na ce ni ba akwatuna na ce a yi mini ba. Washegari mu mata muka koma gidan Babarbariya muka wuni, kafinta ya shiga ya yi aikinsa. Da ya ga daɓen ɗakin ba daidai yake ba, kabad na rangaji, sai ya binne turaku a cikin bangon, ya kafe shi da dogayen ƙusoshi. Da yamma na dawo na tarar da shi ya cika bango guda, mariƙan tagulla na ƙyalli. Na jera langa da kumbo da tangaram a bayan gilashi, na zauna a kan kujerar tsugunno ina kallo. Rabona da irin wannan farin ciki tun ranar da aka kai ni ɗaki.

Mata suka yi ta zuwa gani, har daga unguwannin da ban san kowa ba. Inna ce ta zo daga baya. Ta sunkuya ta shiga, ta kai hannu ta shafa mariƙi ɗaya, ta daɗe tana murza shi da babban yatsa. Na san ta gane tasarta ce. Sai ta juya ta dubi ƙofa, ta sake duban kabad, ta tambaye ni ta ina zai fita. Ta ce ita dai a iya saninta kayan mace a ka ake ɗaukarsa, ranar da zama ya ƙare a ɗora a tafi. Na yi dariya na ce, Inna, ina za ni? Ta ce Allah ya sa alheri, ta nemi ruwa ta sha. Ba a daɗe ba idanunta suka fara rauni, ƙaninta ya zo ya mayar da ita garinsu a ƙasar Kano. Da za ta hau mota ta ce in riƙa leƙo ta, na ce in sha Allahu.

Na ci moriyar kabad shekaru, ba zan yi masa butulci ba. Sai wata ranar kasuwa maigida ya dawo da zazzaɓi, kafin wata kasuwar ta zagayo an kai shi makwancinsa. Na yi takaba na gama. Da aka zo rabon gado gida ya faɗa hannun ƙaninsa, ni aka fitar mini da rabona, aka ce kayan ɗakina nawa ne. Da aka zo kan kabad malamin da ke rabon ya ce katako nawa ne, bango na magada. Wannan ƙanen miji abokin wasana ne tun ina amarya, shi ya ce mini matarsa, ni in ce masa malalacin miji, kowa ya san mu da haka. A gaban jama'a ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Matata, in kin fitar da shi ta ƙofar nan a tsaye, ni zan biya miki mota har Kano. In kuwa ya ƙi, shi ke nan, da ke da kabad duk na gada." Aka yi dariya, har da masu hawaye a ido. Wasa ne irin wanda muka saba, da a wata rana ce da na rama da wanda ya fi shi. Amma ranar zuciyata ɗanya ce, dariyar ta shige ni kamar allura. Na buɗe baki na rantse da Allah cewa ba zan bar gidan nan ba sai da kabad ɗina, a tsaye, yadda yake.

Daga nan na shiga abin da ban san hanyar fita ba. Fasa bango ba zai yiwu ba, don azarar ɗakin a kansa take, bayansa kuma ɗakin uwar mijina ne, tsohuwa da ba ta iya tashi. Kafintan da ya yi aikin ya bi aikin hanya ya bar garin. Wani da aka kira ya ce zai iya warwarewa, sai dai ba ya ɗaukar alkawarin maɗacin ba zai tsage ba, na ce ni ban rantse a kan itacen wuta ba. Malam ya aiko mini cewa rantsuwa irin wannan kaffara ce kawai, in yi in huta. Na ce a gaya masa na ji. Ba Allah nake jin nauyi ba a lokacin, Allah ya yafe mini, idon waɗanda suka yi dariya nake ji. Ƙanen mijina ya tare da iyalinsa. Matarsa mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma tana bukatar wurin girki. Ni kuwa na kulle kowane murfi, na ɗaure makullan a bakin zane, na kwaso tabarmata na dawo ɗakin girkin da kwana. Ita ta koma hura wuta a ƙarƙashin rumfa, damina da rani. Ni ma na daina hura wuta a ciki don kada hayaƙi ya dusashe katakon da zan tafi da shi, da haka sana'ar alkaki ta mutu a hannuna.

Saƙon Inna kuwa yana zuwa ta hannun masu motar goro. Da fari gaisuwa ce da tambayar yaushe zan taho, tunda takaba ta ƙare. Daga baya aka ce idon ya rufe gaba ɗaya, tana so ta ji muryata. Ni kuma kullum da amsata a shirye: bayan damina, bayan sallah, da zarar an warware maganar kabad. Na sa a raina cewa in na taka ƙafa na bar gidan ko na mako guda ne, za a ce na tashi, a ɓalle kwaɗo, a ce rantsuwata ta faɗi. Masu neman aurena sun zo, don ban tsufa ba, amma unguwa ta riga ta sa mini suna, ana cewa duk mai so sai ya fara auna ƙofar gidansa. Ɗaya bayan ɗaya suka janye. Ƙanen mijina ya same ni ni kaɗai, ba dariya a fuskarsa, ya kira ni Yaya, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wallahi wasa yake yi, in je in ga Inna, babu mai taɓa mini ko ƙusa. Na dube shi na ce na gode da dabara. Ya fita yana girgiza kai.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a lokacin na riga na tsani kabad ɗin. In na buɗe ido da safe shi nake fara gani, ya tsaya mini a ka, ya cinye rabin ɗakin, ni ina kwance a ragowar. Duk da haka sai in tashi in goge shi da man gyaɗa, in murza mariƙan da toka da tsamiya har su yi ƙyalli, don kada a ce na karaya. Ina jin motar Kano na tashi daga tasha, sai in ce gobe zan kira malam in yi kaffara. Gobe ta yi, in ji wata ta yi dariya a tsakar gida, ko da ba da ni take ba, sai in fasa. Babu wanda ya kulle ni. Makullan ma a bakin zanena suke. Sannu a hankali saƙon Inna ya ja baya, har ya daina zuwa, kuma abin kunyar shi ne sauƙi na ji, na ce ta haƙura.

Haihuwa aka yi a gidan, matar ƙanen mijina ta zo bakin ƙofa ta durƙusa, ta ce Yaya ko zan ara mata babbar fanteka saboda taron suna. Fantekar na cikin murfin ƙasa, wanda na daɗe ban buɗe ba tun da na shirya kayan tafiya a ciki. Na buɗe kwaɗo ina ƙunƙuni, na ja mariƙi, sai murfin gaba ɗaya ya biyo hannuna. Ciki jar ƙasa ce ta hau kan kwanuka. Na kai yatsa na taɓa katakon baya, yatsan ya wuce har bango. Gara ta biyo turakun nan da aka binne, ta cinye akwatunan kananzir tas, ta shiga cikin maɗacin ta bar mini fuskar da nake gogewa kullum. Na zauna daɓas a ƙasa da murfi a cinya. Na jira yarinyar nan ta yi dariya, ba ta yi ba. Ta shigo ta karɓi murfin ta jingine, ta ce Yaya sannu. Ranar na aika wa malam na yi kaffara. Na sa bakin wuƙa na kwance mariƙan ɗaya bayan ɗaya na ƙulle a tsumma. Kwanukana aka wanke aka ɗaure, mata suka ɗora a ka, suka sunkuya suka fice ta ƙofar nan ba tare da ko gogar bango ba. Ƙanen mijina ya raka ni tasha, ya biya motar da ya yi alkawari.

Na sami Inna a raye. Tana zaune a inuwa a kan buzu, ta ƙanƙance, idanun sun yi fari. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a ta tambayi daga ina baƙuwa take. Na ce daga Pataskum. Sai ta gyara zama ta laluba ta kama hannuna, ta ce ashe zan san 'yarta, mai alkaki a Hausari, wadda ke da kabad da babu irinsa a garin. Ta ce tana nan tafe, kabad ɗin ne ya riƙe ta, kuma kada in ji mutane na zaginta in yarda, yarinya ce mai zuciya, haka ubanta yake. Na ce, Inna, ni ce. Ta yi murmushi ta ce a'a, 'yarta in ta yi sallama har maƙwabta sai sun ji. Matar kawuna ta ja ni gefe ta ce tun bara hankalin ya fara tafiya, da fari kowa ya shigo sai ta kira shi da sunana, daga baya ta daina. Na kwance tsumma na sa mata mariƙi ɗaya a tafin hannu, ko zai tuna mata. Ta murza shi da babban yatsa kamar yadda ta yi a ɗakin girkina, ta daɗe, sannan ta miƙo mini ta ce, "Baiwar Allah, wannan na 'yata ne. Ki mayar mata, kada ta tsaya nemansa ta ƙara daɗewa."

Na zauna da ita har ƙarshe. Ni ke yi mata wanka, ni ke juya ta, ni ke wanke mata zane. Tana yi mini godiya irin wadda ake yi wa bare, tana sa mini albarka, tana cewa in 'yarta ta zo za ta saka mini. Duk lokacin da mota ta yi ƙugi a bakin hanya sai ta ce in leƙa in gani, ni kuma in tashi in je bakin zaure in tsaya, in dawo in ce ba ita ba ce.

Yanzu na tsufa, ina ganin 'ya'yan zamani suna kafe kabad a bangon kicin tun daga ƙasa har sama, suna ta kai da kawowa a kan kalar mariƙi. Ban ce kada ku yi ba, abu mai kyau yana da daɗi, ni shaida ce. Amma ki san a gidan wa kike kafawa, kuma ki tambayi kanki ko za ki iya juya masa baya ranar da aka kira ki. In abokin wasa ya yi miki wasa a ranar da zuciyarki ba ta da ƙarfi, ki haɗiye, kada ki rantse. In kin riga kin rantse, ki yi kaffara tun da wuri, masu dariyar nan kwana kaɗan za su yi su manta, ni kaɗai na riƙe tawa shekaru. In kuwa tsohuwarki ta aiko tana son jin muryarki, ki ajiye abin da ke hannunki ki tafi a motar da ta kawo saƙon. Mariƙan nan suna nan a cikin wani gwangwani a ƙarƙashin gadona, ban sake kafa su a jikin komai ba. Inna ta koma ga Allah tana jiran 'yarta, ni kuwa ina zaune a gefenta da kofin kunu a hannu.